Rijiya a Ƙarƙashin Falonmu

Assalamu alaikum 'yan uwana masu bibiyar labarina. Na karanta saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn nan da ta ce in yi sujada in gode wa Allah da ya raba ni da Midhat tun ba a ɗaura ba, wai mutumin da ya rushe gidan surukinsa ranar neman aure, me zai yi idan ya shigo ciki. Wallahi sai da na yi dariya, ita ce ma dariyata ta farko a sati uku. Amma ku daina zaginsa haka nan. Yau zan faɗa muku abin da na ɓoye, idan kun kai ƙarshe sai ku zaɓi wanda ya cancanci zagin.

Ga waɗanda yau suka fara cin karo da ni, sunana Hadir, 'yar Usta Gharib kafinta, ta Lungun Marina a tsohuwar Alƙahira. Shekarata ashirin da huɗu. Ina tsaron kantin magani a bakin babban titi, daidai inda aka kewaye da kwano ana haƙa ramin jirgin metro, mai bi ta ƙarƙashin ƙasa. Injin da ke haƙar babu wanda ya taɓa ganinsa a cikinmu, yana can ƙasa yana cin yashi, shi ya sa 'yan lungunmu suka raɗa masa suna Gafiya. Midhat ma'aikacin Gafiya ne.

Hannunsa na fara sani kafin fuskarsa. Ya miƙo shi ta saman kanta, duk ya tsattsage, ƙarƙashin farcen fari fat.

"Man kaushi nake so."

"Shekaranjiya fa ka sayi babbar kwalba."

"Ta ƙare."

"Sha kake yi ne, ko duk ramin kake shafa wa?"

Bai yi dariya ba, sunkuyar da kai ya yi yana sosa ƙeya. Sai daga baya ya faɗa min kwalabe goma sha ɗaya ya tara a ƙarƙashin gadonsa, ko buɗe su bai yi ba. Mutumin Suhaj ne, dogo, wankan tarwaɗa, ba ya magana sai ta kama dole. Ni kuwa bakina ba ya hutawa, Mama ta ce da surutu aka haife ni. Ban san yadda aka yi ba, na dai wayi gari ina leƙen titi ina jiran mai tsagaggen hannu.

Da maganarsa ta isa gida, Baba ya sa masa suna bashmuhandis na kwaɓa, wato babban injiniyan kwaɓa laka. Abin ya tsaya min a rai, wata rana na tare shi a kanti na ce sai ya faɗa min abin da yake kwaɓawa. Ya ɗauki kofin gilashi, ya cika shi da yashi daga jan bokitin kashe gobara da ke bakin ƙofa, ya zaro wata gora daga jakarsa.

"Ƙasan garin nan duk yashi ne da ruwan kogi," ya ce. "In ka haƙa, kafin ka juya ya rufto maka. To mu kunu muke damawa da wani yumɓu mai laushi, mu tura shi gaban injin da ƙarfi. Duba nan."

Ya tsiyaya kunun, launin toka, a kan yashin. Da farko ya nutse kamar ruwa, yatsa ɗaya, yatsa biyu. Sai ya fara rage gudu. Ruwan ya ci gaba da tsatsa zuwa ƙasan kofin, yumɓun kuwa ya maƙale tsakanin ƙwayoyin yashi ya toshe hanya. Can sai ga wata 'yar fata ta kwanta a sama, irin wadda ke kwanciya a kan madara idan ta huce. Ya karkata kofin, yashin bai zube ba.

"Wannan fatar ita ke riƙe da unguwarku. Mu muna tura ta, ita tana tokare yashi. In kunun ya yi ruwa, wucewa zai yi ta yi bai yi fata ba. In ya yi kauri, bututu ba zai ja shi ba. Shi ya sa duk bayan awa biyu nake zuba shi a mazurari ina duba agogo."

"Ashe dai mai kunu zan aura."

"Abu ɗaya nake tsoro," ya ce, kamar bai ji ni ba. "Ƙofa. Tsohuwar rijiya, ko ramin masai da aka manta. In kunun ya sami inda zai gudu, ƙarfin da ke tokare yashin ya tafi ke nan."

Ni a lokacin gashin idonsa nake kallo. Amma na ji shi sarai, kada in yi muku ƙarya, na ji kowace kalma.

Matsalarmu tun farko gida ce. Midhat ɗaki ɗaya suke kwana su huɗu da abokan aikinsa, kuma kun san ba a ba wa mutum mata ba tare da ya nuna ƙofar da za ta shiga ba. Wata takwas muna yawon duba gidajen haya har takalmina ya cinye. Baba yana kallonmu yana tsaki, ashe abin yana cinsa. Rannan muna cin abinci ya ture faranti ya ce, "'Yata guda ɗaya ba za ta tafi bayan gari ba ina da rufi a kaina." A hutun Babbar Sallah, lokacin da ma'aikatan hukuma ba sa zagaye, ya tara magina suka ɗora hawa na biyar a kan gidanmu cikin kwana huɗu. Ba takarda, ba izini, kamar yadda rabin lungun suka yi.

Ku bar ni in faɗa muku yadda ɗakin nan yake, tunda ba zan sake shigarsa ba. Ɗaki biyu da falo. Tayil ruwan madara, ni na zaɓa. Labule kore mai ratsin zinare, ni da Mama muka ɗinka. A falon akwai kabad ɗin gilashi da Baba ya ƙera da hannunsa, ya sassaƙa masa ganyen inabi a goshi, Mama ta jera kofunan tangaran da take tara min tun ina aji uku na firamare. Idan ka buɗe tagar kicin kana hango hasumiyoyin masallatai har bakwai. Kullum bayan na taso daga aiki sai na hau na share shi, ɗakin da ba wanda ya taka.

Sai ga masu hular kwano na kamfanin metro sun shigo lungu da takardu. Gida-gida suke bi, suna ɗaukar hoton bango, suna tambaya ko akwai rijiya ko tsohon rami. Mu kuwa muna da ita. Kakan Baba marini ne, rijiyarsa tana nan a tsakiyar falon ƙasa. Ina 'yar shekara tara Baba ya rufe ta da katako, ya zuba siminti, ya shimfiɗa tayil, Mama ta ɗora jan kafet ɗin da ta zo da shi daga Umara. Ina tsaye a bayan ƙofa na ji Baba ya ce musu, "Rijiya? A nan? Famfo muke sha, ya Basha, ranka ya daɗe."

Suna fita na tare shi.

"Baba, Midhat ya ce rijiya haɗari ce."

"Midhat ya ce! Rijiyar da ta ƙafe tun kina wasan 'yar tsana? Katakon da na sa mata ko babbar mota ta hau ba zai motsa ba. Suna jin kalmar rijiya za su cika min gida da injiniyoyi, su duba tun daga tushe har sama. Ba ki ga abin da aka yi wa Sha'aban mai burodi ba? Hawa biyu suka sauke masa. Kina son ɗakinki ko ba kya so?"

Ina so. Allah ya sani ina so. Na ja bakina na yi shiru.

Saura kwana shida a karanta mana Fatihar baiko, ina kanti ina jera magunguna, wayata ta yi ƙara.

Midhat: Ranar Alhamis Gafiya za ta bi ta ƙarƙashin lungunku.

Ni: Ranar Fatiharmu? Ka faɗa mata ba a gayyace ta ba.

Midhat: Da gaske nake. Takarda ta ce babu rijiya a gida mai lamba tara. Amma sunan lungun yana damuna, ba a rini sai da ruwa. Ki tambayar min Mama.

Na rubuta "akwai." Na tsaya ina kallon kalmar. Labulena ya faɗo min a rai, da wata takwas na yawon haya, da fuskar Baba. Na ce a raina, rijiyar da ta ƙafe me za ta yi wa injin da ya kai girman gida? Na goge.

Ni: Babu. A nan aka haife ni, da akwai da na sani.

Midhat: Alhamdu lillah. Da akwai, da sai mun tsaya kwana goma mun cika ta da siminti kafin mu wuce. Yanzu hankalina ya kwanta. Kin ci abinci?

Na tura masa hoton zuciya. Abin da na yi ke nan, 'yan uwa, babu wanda ya sa min wuƙa a wuya.

Ranar Alhamis tun asuba gidanmu ke ƙamshi. Mama ta gasa agwagwa biyu, ta naɗe shinkafa a ganyen kabeji tukunya guda, ga basbusa mai zaƙi, ga jan abin shan nan sharbat a babban tulun gilashi. Na sa doguwar riga ruwan zuma mai duwatsu a wuya, da mayafi ruwan madara, da takalmin da ya matse ni amma na rantse sai na sa. Midhat ya dama kunun safe, ya nemi izini a wurin shugaban aikinsu da baki, ya fito da azahar ya je ya yi wanka. Bayan la'asar suka iso shi da kawunsa, Amm Abdus-Sattar, dattijo mai faffaɗar jallabiya da rawani da sanda, wanda ya kwana a jirgi daga Suhaj saboda wannan zama.

A falon ƙasa aka zauna, don nan ne ɗakin baƙi. Na shigo da tiren sharbat. Amm Abdus-Sattar ya dube ni ya dubi Midhat.

"Kai ɗan nan, da wannan bakin naka da ba ya buɗewa, ta yaya ka shawo kanta?"

"Man kaushi ya yi ta saya, ya Amm," na ce.

Mama ta watsa min harara, Baba kuwa har da buga cinya don dariya. Aka yi maganar da za a yi, Baba ya ce ya bayar, kawu ya ce ya karɓa. Aka ɗaga hannuwa don karanta Fatiha. Mama ta riga ta kai tafin hannu bakinta tana shirin guɗa.

Ba mu kai rabin surar ba Amm Abdus-Sattar ya ɗaga ƙafa yana duba safarsa.

"Usta, famfonku na yoyo ne?"

Na kalli ƙasa. Tsakiyar jan kafet ɗin ya yi duhu, duhun yana faɗaɗa, kafet ɗin yana kumbura a hankali. Ta gefensa wani abu mai launin toka ya fara malalowa, mai kauri, ba ƙara ba wari. Midhat ya durƙusa da kwat ɗinsa ta aro, ya dangwala yatsa, ya murza. Ya kama bakin kafet ya yaye. Tayil ɗin ya ɗago a zagaye, zagaye sak, kunun yana ɓulɓulowa ta kowace tsaga.

Ya ɗago ya dube ni. Bai dubi Baba ba, ni ya duba. Da ihu ya yi min da ya fi min sauƙi.

Ya zaro waya. "Ku tsayar da injin! Kunu na fita ta sama, gida mai lamba tara. Ku ƙara masa kauri, ku janye mutane daga gaba, yanzu!" Ya juyo gare mu, muryar da ban taɓa sanin yana da ita ba. "Kowa waje! Kada wanda ya ɗauki komai!"

Shi ya hau bene yana dukan ƙofofin 'yan haya. Shi ya goyo tsohuwar hawa na uku ya sauko da ita. Muna tsaye a bakin lungu, ni da takalmi ɗaya, muka ji ƙasa ta yi wani nishi. Titin gaban gidanmu ya lotsa, ya buɗe, ya haɗiye dakalin ƙofa da falon da agwagin Mama. Tsaga ta taso daga tushe ta bi bango har sama. Gidan bai faɗi ba, ya dai karkata, ina kallon koren labulena yana kaɗawa ta tagar hawa na biyar. Gidaje biyar na kusa da mu su ma suka tsage. Kafin magariba motocin kankare sun yi layi, kwana biyu suna juye wa ramin, mota arba'in. Rijiyar kakanmu ta tafi a ciki, ko alamarta babu.

A can ƙasa kuma bututu ya ɓalle ya murƙushe ƙafar wani ma'aikaci mai suna Milad, mai 'ya'ya uku. An yanke ƙafar daga gwiwa.

Tun ranar muke gidan Gwaggo Sa'adiyya, ƙanwar Baba, a Shubra, mu tara a ɗaki biyu. A nan na fahimci yadda abin zai kasance. Idan laifin masu haƙa ne, duk gidajen da suka tsage za a ba su sababbin gidaje. Idan kuwa mai gida ne ya ɓoye rijiya, babu mai samun ko tagar gida, Baba zai tsaya gaban alƙali, maƙwabta kuma su cinye shi ɗanye. Cikin kwana biyu lungunmu kaf ya manta da rijiya. Hatta Umm Tariƙ, wadda a da ta sha ɗibar ruwa a cikinta duk lokacin da famfo ya ɗauke, cewa ta yi ita tunda take ba ta taɓa ganin rijiya a gidan Usta ba.

Kamfanin su ma suna neman wanda za su ɗora wa, sai ga Midhat a kusa. Suka ce kunun da ya dama da safe ya yi ruwa, shi ya sa ya wuce cikin yashi bai yi fata ba. Suka ce ya bar bakin aiki. Shugaban nasu da ya ba shi izini ya ce shi bai tuna an yi haka ba. Midhat ya faɗa musu ta wuri ɗaya kunun ya fito, a zagaye, kamar bakin rijiya. Suka ce ya kawo shaida. Bai ambaci sunana ba ko sau ɗaya.

Ni: Midhat ka yi min magana.

Ni: Ko zagina ne ka yi.

Ni: Na san ka karanta.

Kwana tara kafin ya amsa, kalma huɗu.

Midhat: Ki gaishe da Mama.

Ba na iya cin abinci. Baba ma ba ya ci. Ya rame, gemunsa ya yi fari cikin sati biyu, yana zama a barandar Gwaggo yana murza yatsunsa, kayan aikinsa na shekara arba'in suna ƙarƙashin kankare. Ina jin haushinsa, ina jin tausayinsa, na rasa wanne ya fi yawa. Don ni ya gina ɗakin nan, don ni ya yi ƙaryar, ni kuma na ɗauke ta na kai wa Midhat da hannuna.

Aka kafa kwamitin bincike, aka kira mutanen lungu da duk wanda ke falon ranar. Safiyar da za mu je, Gwaggo ta kawo wake da burodi da shayi, muna zaune a ƙasa. Na ajiye burodina.

"Baba, zan faɗa musu."

Bai ɗago ba. "Za ki faɗa musu me?"

"Gaskiya. Ɗaure shi za su yi, Baba. Bai yi komai ba."

"Ni kuma na yi, ko? Ni za a ɗaure ki huta? Da gida biyar na mutane a wuyana? Shi yaro ne, in ya yi shekara biyu zai fito ya nemi wani aikin. Ni in na shiga gawata za a fito da ita."

"To ƙafar Milad fa?"

Ya miƙe tsaye. Ya nuna Mama da yatsa amma ni yake kallo.

"Na rantse da igiyar aurena, in kika ambaci rijiya a gaban mutanen nan, uwarki ta saku. Saki uku."

Kofin shayi ya suɓuce daga hannun Mama. Gwaggo ta dafe ƙirji tana salati, tana cewa ya janye, ya janye tun bakinsa bai huce ba. Bai janye ba. Na san akwai malaman da ke cewa irin wannan rantsuwar ba lallai ta faɗa ba, amma Baba ba ya cikin masu zuwa neman fatawa, abin da ya fito daga bakinsa ya fito. Shekara talatin da ɗaya suna tare. Mama ba ta da uwa ba ta da uba, ɗan'uwanta guda yana Libiya ba a san inda yake ba.

A cikin bas Mama ta riƙe hannuna gam tun daga Shubra har muka sauka. Da muka kai bakin ginin sai ta juyo gare ni.

"Hadir, ni ban san gidan kowa ba sai nasa. Kin ji ko? Allah zai fitar da yaron nan, Allah ba ya barin mai gaskiya."

Ta ce ƙafarta ba za ta iya hawa bene ba, ta zauna a benci a farfajiya da ledar burodin da ta ƙunso mana. Na yi mata alkawarin zan yi shiru, kuma da gaske nake lokacin.

Ɗakin kwamitin yana hawa na biyu. Mutum uku a bayan dogon tebur, da magatakarda, da fanka mai ƙara. Midhat yana zaune a gefe, rigarsa ta yi masa yawa. Hannayensa na kan gwiwarsa, sun warke sumul, sati uku bai taɓa yumɓu ba. Baba ya yi bayaninsa ya zauna a baya. Aka kira ni.

"Me kika gani ranar?" in ji shugaban, mai furfura da tabarau a kan hanci.

"Laka ta fito ta ƙasa."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ya gyaɗa kai, ya juya ga na kusa da shi, ba tare da ya rage murya ba. "To an gama. A miƙa takardun ma'aikacin ga mai gabatar da ƙara yau, sakaci da ya jawo rauni da rushewar gidaje." Na waiwaya. Midhat bai motsa ba, ya dai lumshe ido, kamar wanda dama abin da yake jira ke nan. Wallahi ban yanke shawara ba, bakina ne ya buɗe da kansa.

"Akwai rijiya."

Magatakarda ya ɗago kai, ni kuwa na ci gaba.

"Akwai rijiya a tsakiyar falonmu. Ta kakan Babana ce. Ina da shekara tara aka rufe ta da katako. Ya tambaye ni kafin injin ya iso, na ce masa babu. Kununsa lafiyarsa ƙalau, ni ce na yi ƙarya."

Na ji ƙarar kujera a bayana, na ji takun Baba, na ji an buɗe ƙofa an rufe. Ban juya ba. Shugaban ya zare tabarau ya dube ni, ba da fushi ba, da wani irin tausayi da ya fi mari ciwo.

"Mece ce alaƙarki da wannan saurayin?"

"An karanta mana Fatiha." Na sunkuyar da kai. "Rabi."

Na gefen hagu ya yi dariya ya rufe baki da takarda.

"'Yata," in ji shugaban, "mutum goma sha bakwai na lungunku sun zauna a kujerar nan, har da mahaifinki, kowa ya ce babu. Takardar binciken farko ta ce babu. Ke kaɗai kika ce akwai, ke kuma budurwarsa ce. Kankare mota arba'in kike so in fasa saboda soyayya?" Ya dubi magatakarda. "Rubuta cewa shaidar tana da alaƙa da wanda ake tuhuma. Je ki gida, Allah ya ba ki wani."

Haka maganar ta ƙare. Ko minti biyu ba ta ɗauka ba.

A baranda na tsaya har aka fito da Midhat, ɗan sanda na biye da shi riƙe da fayil. Na sha gabansa. Ɗan sandan ya kau da kai ya ba mu wuri.

"Na faɗa, Midhat. Ka ji na faɗa."

"Na ji."

"Zan sake faɗa a kotu. Zan faɗa a ko'ina."

"Ba za su rubuta ba, Hadir." Muryarsa a hankali, yadda na saba jinta. "Jiya na je asibiti wurin Milad. 'Yarsa ƙarama tana ta ɗaga bargo tana neman ƙafar."

Hawaye kawai ke zuba, har cikin bakina.

"Kawu ya koma Suhaj," ya ce. "Na tambaye shi yadda ake warware Fatiha. Ya ce wadda ba a ƙarasa ba, ba sai an warware ta ba."

Ɗan sandan ya taɓa kafaɗarsa, suka bi ta matakalar baya. Na tsaya ina jira ko zai waiwayo, har na daina jin takunsu.

Na sauko farfajiya. Mama na nan a bencin da na bar ta, ledar burodi a cinyarta, ta ɗaure bakinta da kyau don kada ya bushe. Tana hango ni ta gyara zama ta matsa min wuri.

"Ina Babanki ya nufa? Ya wuce ni ko kallona bai yi ba, na kira shi har sau uku." Ta kama gefen mayafina, tana leƙen fuskata. "Hadir? Kin dai yi shiru ko, 'yata?"